Kafaɗar Dinko da Gicciyen Ƙauye

Ƙanena Dinko,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Split, da fatan kana lafiya, kai da matarka Vinka. Ya ɗinkin kafaɗar?

Vinka ta faɗa mini abin da likita ta ce. Ciwon dajin fatar da aka yanke maka ya yi zurfi, tana so a ƙara buɗe wurin, a cire kaluluwar hammata a watan nan. Kai kuma wai ka ce sai bayan Ista. Kanka ɗaya kuwa? Hau jirgin ruwa ka taho a yi maka aikin a nan, ga ɗaki nan.

Yayarka,
Jerka

Yaya Jerka,

Ina gaishe ki da kyau. Oh, Vinka da baki!

Kin manta bana ni zan ɗauki gicciyen ƙauyenmu a zagayen Ista? Tun ina da gashi a ka marigayi Baba ya kai sunana coci, sai yanzu layi ya zo kaina. In aka taɓa hammatar nan, hannun ba zai ɗauki kaya ba sai bayan watanni, likitar ce ta faɗa. Ta kuma ce akwai waɗanda ake dubawa kawai lokaci-lokaci. To ni ma a duba ni. An ɗinka riga, an gayyaci 'yan rakiya.

Ki huta lafiya.
Dinko

Dinko,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Waɗanda ake dubawa kawai nasu bai kai naka zurfi ba, kai ma ka sani, taurin kai ne irin na gidanmu. Gicciyen nan ko babu kai zai zagaya. Ni fa? Kai kaɗai ka rage mini. Tsoro nake ji, ko abinci ba ya shiga.

Allah ya kiyaye ka.
Jerka

Yaya,

Gaisuwa. Jiya ina gwaji da gungume a kafaɗa, sai na ji ƙullutu a hammata, kamar ƙwallon zaitun. Ban faɗa wa Vinka ba tukuna.

Yau na je wurin Fada, limamin cocinmu, na ce a ba Frane gicciyen, shi ke bi mini a layi. Ya ce zai mayar da sunana ƙarshen layi. Na ce ya bar shi, na haura sittin.

Ina tafe ran Litinin. Don Allah in na iso, kada ki ce mini na yi daidai.

Ƙanenki,
Dinko