Rasuwar Baba Mai Faranti da Hakkinsa da Ke Wuyanmu

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Binciken Ƙananan Halittu ta samu labarin rasuwar dattijonta, uban ɗakin gwaje-gwajenta, Babban Ma'aikaci mai ritaya, Alhajin da farfesoshi da ɗalibai suka sani da Baba Mai Faranti, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan jinyar wata biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi yana wanke farantan gilashi, yana dafa abincin da muke renon funfuna da yisti, dangin ƙwayar da ke kumbura burodi, a kai. A wancan zamani, duk farantin da ya yi baƙi cewa muke ya gurɓace, a ƙone shi. Shi kaɗai ya lura cewa akwai wani yisti da ba ya yin baƙi sai an ajiye shi kusa da taga, don haka ya ɓoye faranti bakwai na yistin a ƙasan teburinsa da ke jikin taga, yana sauya musu abinci duk mako biyu. Da asiri ya tonu, ni ne shugaban ɗakin, kuma ni na rubuta masa takardar gargaɗi kan ƙazanta. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan baƙin ba datti ba ne, yistin ne yake yin abinsa."

Gaskiyarsa ce. Melanin ne, sinadarin da ke ba fatar ɗan Adam launi, yistin yake haɗawa don ya kare kansa daga haske. Daga farantan nan mutum huɗu suka zama daktoci, aka wallafa rahoton da har yau muke tinƙaho da shi, amma babu sunan Baba a cikin marubutansa, wai don ba shi da digiri. Muka ce ƙa'ida ce, alhali babu inda aka rubuta ta.

Sau ɗaya tak ya taɓa yin maganar, a gadon asibiti, babbar 'yarsa na zaune a gefe. Ya ce mini, "Ba don ni ba, Farfesa. So nake jikokina su san ba wanke-wanke kawai kakansu ya yi ba." Na ce masa ana kan gyarawa, kuma a ranar ko wasiƙar ban rubuta ba.

Jiya Majalisar Ƙungiya ta aika wa mawallafa buƙatar sanya sunansa a sahun farko na marubutan rahoton. Mun makara, kuma kunyar wannan tamu ce.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hajiya, da 'ya'yansa da jikokinsa, muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba su haƙuri da juriya. Shi ba mu samu damar neman gafararsa ba. Ku muke roƙo, don Allah ku yafe mana.

Sa hannu:
Farfesa, Kakakin Ƙungiya
kuma tsohon Shugaban Ɗakin Gwaje-gwaje