Ƙarfen Cocin Baba Ishaya

Laraba da dare, Girei

Yau tsokana ta ja mini. Tsohon ƙarfen tayar motar da maƙwabcinmu Baba Ishaya ya rataye a mangwaro, shi ne ƙararrawar cocinsu. Mahaifinsa ne ya fara buga shi a ƙauye, shi kuma da aka kai musu hari ya gudo da shi a ka. Na zo wucewa na kwankwatsa shi da sauri. Ashe a wurinsu bugun sauri na nufin an shigo da bindiga. Sai ga matarsa Mama Rifkatu ta fito a guje da ƙullin kaya, ko takalmi babu.

Baba ya ce, "Ɗan Malam, a hankali ake kiran mutane."

Ni na mayar mata da ƙullin gida. Wallahi ba nauyi. Ta ce tunda suka zo ba ta taɓa kwance shi ba.