Hajiyar Tukur-Tukur Ta Sake Dawowa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Inna, Hajiya Mairo ta Tukur-Tukur ta shigo gidana a Limancin Kona ranar Juma'a. Ta tsufa, amma haƙorin Makkan yana nan, haka ma ƙullin dabinon da take ajiyewa kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ni dai tun daga sallamarta hankalina bai kwanta ba.

Ina ƙarama ta zo miki da irin dabinon nan, ta roƙi riƙon Yaya Rabi, wai za ta kai ta Makka karatu. Kika ci gaba da tsince shinkafa, domin Yaya 'yar farinki ce, ko sunanta ba kya kira, balle ki ce a'a a gaban mutane. "Ai taku ce," kika ce wa su Baba. Shi ke nan.

Aikatau aka sa ta a gidajen Jidda, fasfonta a hannun wasu, har askarawa suka kama ta aka maido ta. Ta dawo ba ta magana, ko ƙofa aka buga sai ta ɓuya bayan gado. Kin riƙa ajiye mata kunun tsamiya a bakin ɗaki ki wuce kamar ba ke ba. Sai bayan rasuwarki Gwaggo ta gaya mini ke ma da sunan riƙo aka ɗauko ki daga ƙauye, ba ki sake ganin mahaifiyarki ba.

Yanzu Yaya tana wurina. Mukan zauna da wasu mata biyu da aka maido kamar ita, muna kitso, wadda ta ga dama ta yi magana. A hankali take samun sauƙi.

To, Bilki Hajiya take so, 'yar farina. Wa ya gaya mata yarinyar ta gama firamare? Har yau ina kallon 'yan gidan nan ɗaya bayan ɗaya. "Wannan karon gidan mutunci ne, wallahi," in ji Hajiya. Wato ta san na da ba na mutunci ba ne. Uwar mijina kuma ta zuba mini ido, tana jiran in sunkuyar da kai.

Yaya ce ta fito ta riƙe gefen zanena. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Bilkisu! Zo ki zauna kusa da ni." Na miƙa wa Hajiya dabinonta. An ce ba ni da kunya, kuma na ji daɗin jin haka.

Ba zarginki nake ba, Innata. Na san sunan Yaya na bakinki har kika koma ga Allah.

Allah ya gafarta miki, ya haɗa ki da mahaifiyarki a Aljanna. Ranar da Yaya za ta iso gare ki, Allah ya sa ki kira ta Rabi, da ƙarfi, kowa ya ji.

'Yarki,
Hauwa