Murfin Rijiyar Baba

Pauwa, Ƙanƙara.

Zuwa ga ƙanena Mas'udu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara tsare ku a can bakin teku. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Inna ce dai ke tasar mata, ƙanwarmu Hafiza kuma ta sauka lafiya, an samu namiji.

Mun ga hotunan da ka turo a wayar ɗana Shamsu. Wai kuna shimfiɗa manyan bututu a tashar jiragen ruwa don ɗura wa jiragen masu yawon shaƙatawa ruwan sha, jirgi guda ya fi unguwarmu jama'a, har da wurin iyo a samansa. Madalla da kai! Wallahi da na gani raina ya ɓaci, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ka tuna da ka haƙa mana burtsatse, kai ka kafe sai an rufe rijiyar Baba da kankare, wai ta zama tsohon yayi. Inna ta ce maka ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari, ka yi dariya, har ka sa tsinke ka rubuta sunanka a ɗanyen siminti. To, injin ya ƙone tun kafin azumi. Mai gyara na Faskari ya ce ba zai biyo hanyar nan ba, ka kuwa san dalili. Yanzu 'yata Najiba ke zuwa rafin bayan gari, inda maza ma suka bar noma. Ranar Talata ta ji ƙarar babura, ta yar da jarka ta kwanta cikin ciyawa har la'asar, ni ina ƙofar gida kamar mahaukaciya.

Sau nawa na aika maka? Kullum a yi haƙuri, kada a taɓa murfin, kana nan tafe da sabon inji. Kana can kana shayar da mutanen da ke zaune a kan ruwa, uwarka na taimama, alhali ga rijiya a tsakar gidanta.

Ba izini nake nema ba. Kawu Mani ya kira gayya, ranar Asabar za a fasa murfin a yashe rijiyar. Na roƙe shi ya bar mini bugun farko, kuma a kan sunanka zan sauke gudumar.

Inna na gaishe ka, ta ce kada in gaya maka mai zafi. Ka gaida Mansura da Adnan.

Yayarka,
Lauratu.