Uwata Rabi, Ba Fushi Na Yi Ba

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da karatunki a can arewacin Norway. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Ranar Talata da hantsi ina zaune a shagona na bakin barikin Shadawanka sai bidiyonki ya shigo. Na ga sama ta yi kore, can ƙolinta ja wur, tana kaɗawa kamar labule. Na ji muryarki kina dariya kina cewa, "Baba, ka ga ikon Allah." Ni kuwa jan nan na tsura wa ido. Shekara ashirin da biyu na yi a soja, kuma duk ranar da na ga sama ta yi ja haka, to akwai ƙauyen da ke ci da wuta a ƙarƙashinta. Ban taɓa gaya miki wannan ba.

Na kira ki, waya a kashe. Bayan azahar ma haka.

Na rufe shago, na tari keke zuwa unguwar Ɗan Iya wajen Malam Yakubu, wanda ya koya miki kimiyya a sakandare. Ya kalli bidiyon sau biyu, ya ce ba wuta ba ce. Wai rana ce ke feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iska can sama, wajen kilomita ɗari ko fiye, sai iskar ta yi haske. Koren na ƙasa-ƙasa ne, jan ya fi shi nisa. Ya ce hasken ba ya ƙona kowa.

Hankalina ya fara kwanciya, sai na tambaye shi yadda ake zuwa kallo. Da ma ban tambaya ba. Ya ce sai an bar gari da fitilunsa, a yi nisa cikin duhu a daren da babu gajimare, a fuskanci arewa a yi ta jira, wani lokaci awa uku a tsaye kan ƙanƙara. Ke da ɗan sanyin Bauchi ma ke tayar miki da asma. Nan take na tuna ranar da na saɓa ki a kafaɗa zuwa asibiti kina 'yar shekara bakwai, numfashinki yana fita kamar usur.

Kwana biyu abinci ya ƙi shiga. Mamanki ta tambaye ni, na ce mata layin wayar ƙasar da kike ne ke da matsala.

Da kika kira ranar Alhamis, kika ce sanyi ne ya lalata batirin wayar, ko hamdala ban yi ba. Sai na ce miki, "Karatu na tura ki ko yawon dare?" Kika ba ni haƙuri, muka yi sallama. Tun ranar ba ki sake turo hoto ba.

Uwata, tsoro ne, kuma har yanzu bai sake ni ba. Ba zan hana ki zuwa ba. Amma ki riƙa tafiya da mutanen da kika sani, maganin shaƙarki da wayarki a aljihun ciki, kusa da jiki. In kin dawo ɗaki ki kira ni, ko ƙarfe nawa ne. Ba zan yi faɗa ba.

Allah Ya tsare mini ke, Ya buɗe miki ƙirji, Ya dawo da ke gida da ƙafarki.

Mahaifinki,
Sajan Bala mai ritaya