Ɗakin da Na Gina a Cikin Ja

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa zaman nesa ya zama alheri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa, kin kuwa san in ta fara faɗa to jiki ya samu.

Auta, wata uku ke nan ina ce miki a waya gini yana tafiya daidai. Ba gaskiya ba ne. Bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin damƙa mini filin Baba in gina miki gidan da za ki dawo ki zauna da Inna. Kafin in haƙa harsashi, masu awon ƙasa suka zo unguwarmu, wata mata ce shugabarsu. Ta shimfiɗa taswira a kan bulona ta nuna mini: kore inda za a yi gini, ja inda ruwa ke bi yana cin ƙasa. Ta ce taku goma sha biyu na bayan filinmu, wajen kwari, duk a cikin ja suke, ta sa aka kafa turaku. Na yi dariya, na ce shekara talatin ina gini takarda ba ta taɓa ɗaukar mini bulo ba. Ta ce ita ma matan da ke wanki a kwarin ta fara tambaya inda ruwa ke kaiwa, sannan ta auna gangaren. Ta roƙe ni kada in taɓa ciyawar jemar da Baba ya dasa a bakin iyaka, wai saiwarta ce ke riƙe da ƙasar.

Ni kuwa burina Inna ta riƙa hango mangwaron Baba daga tagarta. Na tsige turakun, na nome jemar don gudun macizai, na kai ɗakinta har bakin kwarin. A lokacin rani ne, ƙasar kamar dutse. Ruwa na huɗu a damina ya kawo tsaga a bango, na shafe ta da siminti ban gaya wa kowa ba. Wata Laraba da hantsi bangon baya ya tafi kwari da tagarsa, mangwaron ya bi shi. Alhamdulillahi babu kowa a ciki. A ranar saura mako guda mu kai kayan Inna, kuma makon nan guda shi ke hana ni sukuni har yau.

Matar nan mai awon ƙasa ta dawo, na zaci gori za ta yi mini, ba ta yi ba. Ta ce falo da ɗakinki suna cikin kore, za su tsira in an rushe ragowar ɗakin Inna aka mayar da jema kafin wata daminar. Ba zan taɓa komai ba sai da izininki. Na riga na yanke hukunci a kan gidanki sau ɗaya, ga abin da ya haifar. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ki yafe mini.

Inna ba ta yi faɗa ba. Tambayata kawai ta yi ko jemar Baba ma ni na nome. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ki gaida maigidanki da 'yan biyu. Kawu da Goggo da matata duk suna gaishe ki. Labulen da kika aiko don ɗakin Inna ya iso, awon da na ba ki daidai ne. Yana cikin akwatinta, tagar ce babu.

Naki,
Yayanki magini