Sadakar Inna da ƙungiyar Sani

Cadawa, daren Juma'a, tsakiyar bazara

Na gaji. An ɗauke wuta tun hantsi, ƙanƙarar da zan kai kasuwa ta narke cikin firigo. Ina kwalfe ruwan sai ga kiran ƙanena Sani daga Kanada. Wai an sayar da ƙungiyar hoki, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, wadda yake gyara wa fili, za ta koma wani gari. Ya daɗe yana ba ni tarihinta. Leburorin jirgin ƙasa ne suka kafa ta, kuma kaka kan bar wa jika kujerarsa ta kallo kamar gonar gado. Ni kuwa aikinsa nake tunani, don shi ke riƙe da gidan nan.

Da la'asar Inna ta toya waina, ta raba wa yaran unguwa sadaka. Na ce, "Inna, Allah ya karɓa, ya sa a fasa tashin ƙungiyar."

Ta harare ni. "Wa ya ce maka abin da nake roƙo ke nan? Su tashi mana, ɗana ya dawo gida."

Ban ce amin ba. Ta kuwa lura.